Jinkirin hasken rana da lokacin shan ruwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi bayani a kan wata magana da ta bazu a zangonninmu na Accra, wadda nake ji a bakin matasa masu ilmin boko, nake kuma ganin ana tura ta daga waya zuwa waya, musamman idan watan azumi ya gabato. Maganar ita ce wai tunda hasken rana yana ɗaukar minti takwas kafin ya iso duniya, to ranar da muke gani tana shirin faɗuwa ta riga ta faɗi tun minti takwas da suka wuce, wadda muke gani tana hudowa da safe kuma ta daɗe da fitowa. Daga nan sai wasu su ɗora hukunci a kai, wani ya ce mai azumi yana jinkirta shan ruwa a banza, wani ya ce wanda ya sallaci asuba gab da fitowar rana ramuwa ya yi bai sani ba. Ni malamin makaranta ne da ke koyar da kimiyya da lissafi, kuma abin ya dame ni ƙwarai, domin rabin maganar gaskiya ne tsantsa, wannan rabin ne kuma ke sa mutane su haɗiye sauran ba tare da bincike ba.

A ƙofar wani masallaci da ke Nima, an shimfiɗa tabarmi an jera kofunan koko da ƙosai da dabino, saura kaɗan a kira magariba, na ga wani saurayi ya miƙa wa wani dattijo wayarsa yana cewa, "Baba, duba nan, masana sun ce rana ta riga ta faɗi, haskenta ne kawai bai gama isowa ba." Dattijon bai ko karɓi wayar ba, sai ya ce, "Ɗana, ka bari mu ji ladan tukuna." Dattijon ya yi daidai, amma saurayin bai sami amsa ba, kuma ya cancanci a ba shi, domin ba da mugun nufi ya yi maganar ba. Ya ji abin da aka ce daga kimiyya ya fito ya gaskata, idan kuwa muka bar shi haka zai tashi da zaton cewa addininsa da ilmin zamani sun saɓa, alhali kimiyyar da kanta ce ke ƙaryata abin da aka jingina mata.

Bari in fara da ɓangaren da yake gaskiya. Haske yana gudun kilomita 299,792 a cikin sakan ɗaya, matsakaicin nisan da ke tsakaninmu da rana kuwa kilomita miliyan 149.6 ne. Idan aka raba nisan da gudun za a sami sakan 499, wato minti 8 da sakan 19. Da yake hanyar da duniya ke bi wajen kewaya rana ba cikakkiyar da'ira ba ce, wannan adadi yana ɗan motsawa cikin shekara. A farkon watan Janairu, lokacin da muka fi kusa da rana, a nisan kilomita miliyan 147.1, hasken kan iso cikin minti 8 da sakan 11, a farkon Yuli kuma, a nisan miliyan 152.1, sai ya ɗauki minti 8 da sakan 27. Babu masanin da ke jayayya a kan wannan, kuma ba yau aka san shi ba. Malam Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya tafi a kan cewa haske yana buƙatar lokaci kafin ya ratsa daga wuri zuwa wuri ko da ido ba ya iya riskar wannan lokaci, a zamanin da masu bin ra'ayin Aristo ke cewa nan take yake isa. Hujjar awo ta zo a 1676, sa'ad da Ole Romer, mutumin Denmak da ke aiki a ɗakin nazarin taurari na birnin Faris, ya lura cewa kusufin Io, ɗaya daga cikin watannin da ke kewaya duniyar Mushtari, yana makara idan duniya tana nisantar Mushtari, yana kuma riga lokacin da aka lissafa masa idan tana kusantarsa. Ya gane cewa watan yana kan ƙa'idarsa, haskensa ne ke samun ƙarin tafiya ko ragi.

To ina kuskuren yake? Yana cikin wani zato da mai maganar bai furta ba, wato cewa rana ce ke gudu a sama daga gabas zuwa yamma, tana kewaye mu sau ɗaya a yini da dare. Da haka abin yake, da lissafinsa ya yi daidai, domin sama tana juyawa a idonmu digiri 15 a sa'a guda, digiri ɗaya ke nan a minti huɗu, don haka a minti takwas da ɗoriya rana za ta yi gaba da digiri biyu, wanda ya kai faɗin ƙwayarta har sau huɗu. Sai dai fitowa da faɗuwar da muke gani kullum daga juyawar duniya a kan kanta suke. Ban ce rana ba ta tafiya ba. Tana tafiya, da gudun da ya haura kilomita 200 a sakan, tana kewaya tsakiyar gungun taurarin da muke ciki, amma tare da mu take wannan tafiya, mu da ita ayari ɗaya ne, saboda haka ba ta shiga wannan lissafi ba.

Hasken rana kuma ba saƙo guda ba ne da aka aiko muke zaman jiransa. Kwarara yake yi ba yankewa, ya cika dukan hanyar da ke tsakaninmu da ita dare da rana. A lokacin da muke sahu a sallar asuba a Accra hantsi ya riga ya dubi Makka, hasken yana nan yana sauka a kan rabin duniya, mu ne dai ba a juyo da mu gare shi ba tukuna. Abin da ake kira fitowar rana shi ne lokacin da duniya ta juyo da garinmu ya shiga cikin wannan haske da ya riga ya iso, faɗuwarta kuma lokacin da ta juyar da mu muka fita daga cikinsa. Ya kamata mai karatu ya tambayi kansa, mene ne yake tare hasken da magariba? Ba a can wurin rana abin ke faruwa ba, da har za a ce labarinsa sai ya yi tafiyar minti takwas. Doron ƙasar da ke yamma da mu ne yake tasowa ya shiga tsakani, kuma ga mutumin da ke tsaye a shimfiɗaɗɗen fili wannan gefen sama nisansa kilomita biyar ne kacal, tazarar da haske ke yankewa cikin kashi ɗaya bisa dubu sittin na sakan. Hasken da ya shigo idonka da magariba ya kwashe minti takwas a hanya, wannan haka ne, amma inda yake nuna maka nan ne rana take a wannan lokaci.

Misali ɗaya ya ishe mu. Mutum ne tsaye a fili, ruwan sama yana zuba da iska daga gabas. Ɗigon da ya sauka a kansa yanzu ya baro girgije tun ɗazu, amma idan mutumin ya juya ya fuskanci gabas ruwan zai bugi fuskarsa nan take, idan ya juya masa baya ya bugi ƙeyarsa nan take, daɗewar ɗigon a hanya ba ta sauya ɓangaren da ruwan ke fitowa ba. Wannan ita ce juyawar duniya. Idan kuwa mutumin ya hau babur ya zura da gudu, zai ji ruwan ya karkato yana zuwa ta gabansa fiye da yadda yake zuwa a dā. Wannan karkata gaskiya ce, tana da awo, kuma ita kaɗai ce ƙofar da gudun haske yake shigowa ta cikinta a maganar matsayin rana.

Ga yadda awon yake. Ban da juyawa a kan kanta, duniya tana gudu a hanyarta ta kewaya rana da kimanin kilomita 30 a sakan. A cikin sakan 499 da hasken ke tafe ta yi gaba da kusan kilomita 15,000, ɗan fiye da faɗinta ita kanta. Adadin yana da girma a kunne, amma idan aka gwada shi da kilomita miliyan 149.6 kashi ɗaya ne cikin dubu goma. A fuskar sama wannan ya zama digiri 0.0057, wato wajen kashi ɗaya cikin casa'in na faɗin ƙwayar rana, abin da ido ba ya iya rarrabewa sai da na'ura. Wani Baturen Ingila, James Bradley, shi ne ya gano wannan karkata, bayan ya fara bibiyar wani tauraro mai suna Gamma Draconis a 1725 ya ga yana ɗan zamewa daga gurbinsa yana dawowa cikin shekara. Ya bayyana dalilin a 1729, kuma daga wannan ɗan awo ya fitar da cewa hasken rana yana iso mu cikin minti 8 da sakan 12, wanda bai yi nisa da abin da muka sani a yau ba. Idan aka mai da digiri 0.0057 zuwa lokacin agogo, sakan ɗaya ne da ɗoriya, bai kai biyu ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ɓangaren da karkatar ta nufa. Ranar da ido ke gani tana yamma kaɗan da inda lissafi ya ajiye ta, ma'ana tana riga ta lissafin faɗuwa da wannan sakan ɗaya, wato akasin abin da ake yaɗawa ke nan. Juyawar duniya ma tana da tata karkatarwar, tunda a nan Accra ƙasa tana juyawa da mu da gudun mita 460 a sakan, amma ta fi waccan ƙanƙanta sau sittin da wani abu. Masu lissafin falaki sun daɗe da sanya waɗannan gyare-gyare a cikin jadawalinsu.

Gani ya kori ji, mu kuwa mutanen Ghana mun gani. Ranar Laraba 29 ga Maris, 2006, jim kaɗan bayan ƙarfe tara na safe, wata ya rufe rana gaba ɗaya a kan Accra na kusan minti uku, kafin inuwar ta wuce Togo da Binin da Nijeriya da Nijar ta nufi Libiya da Turkiyya. Duk wanda ya yi wayo a lokacin zai tuna yadda hantsi ya koma kamar almuru, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, tauraruwar Zara ta bayyana a sama, masallatai suka cika da masu sallar kusufi. An sanar da ranar da mintin tun kafin lokacin ya zo, kuma haka ya auku. To a duba, hasken wata yana iso mu cikin sakan 1.3 kawai, na rana kuwa sakan 499. Da jinkirin nan yana jan rana baya da digiri biyu a fuskar sama, alhali wata bai ja baya da kome ba, da kusufin ya saɓa wa lissafi da sa'a huɗu, domin wata yana tsere wa rana da kimanin rabin digiri ne a sa'a. Masu lissafin sun yi aiki da digiri 0.0057, wanda a maganar kusufi yake daidai da sakan 40 ko kusa da haka, kuma duhun ya sauka a kan lokacinsa. Haka nan Mushtari, wanda nisansa da mu yake ƙaruwa yana raguwa da tafiyar haske ta fiye da minti 16 a tsakanin kusantarsa da nisantarsa, da sai a riƙa ganinsa yana kai da komo na digiri huɗu a tsakanin taurari saboda wannan dalili kaɗai, kuma babu wanda ya taɓa ganin haka.

Abin da minti takwas ɗin suke nufi shi ne halin da muke ganin rana a ciki ya tsufa da minti takwas. Idan wuta ta yi tartsatsi a fuskarta yanzu, masu nazarinta ba za su gani ba sai bayan sakan 499. Wannan jinkiri yana da nauyi sosai a wurin masu aika na'urori sararin samaniya. Lokacin da na'urar Perseverance ta Amurka ta sauka a duniyar Mas ranar 18 ga Fabrairu, 2021, saƙonta ya ɗauki fiye da minti 11 kafin ya iso, don haka sai da aka tsara ta ta sauke kanta da kanta, domin kafin labarin shigarta iskar Mas ya iso ta riga ta taɓa ƙasa. Taurarin da muke kira Kaza da 'Ya'yanta kuwa, haskensu da muke gani a daren yau ya baro su fiye da shekara 400 da suka wuce. Wannan ilmi ne mai daɗi da ya kamata yaranmu su sani, sai dai a ajiye shi a gurbinsa, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Yanzu in zo ga abin da nake ganin shi ya fi cancanta matasanmu su riƙe. Lalle akwai abin da ke sa mu ga rana da magariba a inda ba ta nan, amma iskar da ta lulluɓe duniya ce ke yin wannan aiki. Haske idan ya fito daga sarari ya shigo cikin iska yakan lanƙwasa zuwa ƙasa, lanƙwasar kuma tana ƙaruwa gwargwadon yadda rana ta sauko, domin a lokacin ne hasken ke ratsa iska mafi yawa kuma mafi kauri. Idan rana tana tsakar ka babu lanƙwasa. Idan tana tsayin digiri 45, lanƙwasar wajen kashi ɗaya ce cikin 60 na digiri. A daidai gefen sama kuwa takan kai kashi 34 cikin 60, alhali faɗin ƙwayar rana gaba ɗaya kashi 32 ne. Ma'anar wannan ita ce, a lokacin da ka ga gindin ƙwayar rana ya taɓa ƙasa, da babu iska da dukanta ta riga ta nutse. Shi ya sa ma idan gari ya yi garau za ka ga ƙwayar ta ɗan baje tana gab da faɗuwa, faɗinta ya fi tsayinta, saboda iska ta ɗaga gindinta fiye da yadda ta ɗaga samanta. Accra tana digiri 5.6 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, kudu da arewa, rana tana sauka a wurinmu kusan a miƙe, don haka wannan lanƙwasa tana ƙara mana minti biyu da ɗoriya da yamma, da irinsu da safe. Idan aka haɗa da cewa ana ƙirga yini ne daga ɓullowar saman ƙwayar zuwa ɓacewarsa, za a ga dalilin da ya sa a ƙarshen Maris da ƙarshen Satumba, lokacin da ake cewa dare da rana sun daidaita, yininmu yake kai sa'a 12 da minti bakwai.

Na san wani zai ce to ke nan an sami minti biyu na rangwame maimakon takwas. Ba haka ba ne, kuma a nan ina faɗin abin da na karanta a gaban malamaina ne, fatawa kuwa tasu ce. Shari'a ta rataya lokutan ibada a kan alamomin da idon kowa ke iya gani, na masani da na manomi da na masunci. A hadisin Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa idan dare ya gabato daga wannan ɓangare, yini ya ba da baya daga wancan, rana kuma ta faɗi, to mai azumi ya sha ruwa. Faɗuwar da ake nufi ita ce ɓacewar ƙwayar rana daga idon mai kallo a fili. Masu tsara jadawalin salla ma wannan suke lissafawa, wato lokacin da tsakiyar rana ta yi ƙasa da gefen sama da digiri 0.833, adadin da ya ƙunshi lanƙwasar iska da rabin faɗin ƙwayar. Da yake lanƙwasar tana sauyawa da zafi da sanyi da nauyin iska, babu lissafin da zai iya yanke sakan ɗin faɗuwar rana daidai wa daida, shi ya sa wasu masu jadawali kan ƙara minti ɗaya ko biyu don kiyayewa, kuma a ganina wannan hikima ce. Wanda ya rage minti takwas daga jadawalin ya ci abinci ne rana tana nan a sama ƙiri-ƙiri, jumhurin malamai kuwa sun tafi a kan cewa wanda ya sha ruwa bisa zaton rana ta faɗi, sannan ta bayyana ba ta faɗi ba, ramuwar wannan yini ta hau kansa. Haka nan wanda ya idar da asuba kafin saman ƙwayar rana ya ɓullo ya yi sallarsa a cikin lokaci, kada kowa ya jefa masa waswasi.

Hujjar cewa gani ne ma'auni ta fito sarai a Dubai a 2011, lokacin da malaman can suka yi bayani ga mazauna dogon ginin Burj Khalifa mai tsawon mita 828, cewa waɗanda ke sama da hawa na 80 su ƙara minti biyu kafin su sha ruwa, na hawa na 150 zuwa sama kuma minti uku, domin suna ci gaba da ganin rana bayan ta ɓace wa na ƙasa. Mu a nan matsalarmu ta wata fuska ce. A Nima da Maamobi da Sabon Zongo gine-gine sun tare yamma, da wuya ka sami wanda ke ganin gefen sama daga ƙofar gidansa. Da hunturu kuma hazo kan haɗiye rana tun tana da sauran tafiya, ka ga ƙwayar ta yi ja, ta dushe, ta ɓace a cikin ƙura alhali ba ta kai ƙasa ba. Wannan ɓacewa ba faɗuwa ba ce, kuma a irin wannan yanayi jadawali mai inganci ya fi ido aminci.

Mintocin da nake tsoro a kan azumin jama'armu suna tsakanin gari da gari ne. Ghana duka agogo ɗaya take bi, agogon GMT, kuma layin Girinwic, wanda daga kansa ake fara ƙirga digirin gabas da yamma, ya ratsa ta garin Tema da ke kusa da Accra, don haka agogon ya yi daidai da Accra ƙwarai. Amma Kumasi tana digiri 1.6 yamma da wannan layi, Accra kuwa 0.2, bambancin digiri 1.4 ke nan, kusan minti shida. Idan aka haɗa da cewa Kumasi ta fi Accra arewa, magaribarta tana bin bayan ta Accra da wajen minti huɗu a watan Disamba, har zuwa kusan takwas a watan Yuni. Mutumin Aboabo ko Asawase a Kumasi da ya ji kiran sallar Accra ta rediyo ko ta waya ya kai dabino baki, ya sha ruwa kafin lokacinsa, kuma na Takoradi da na Wa ma haka. Daga iyakar Aflao a gabas zuwa iyakarmu ta yamma akwai wajen digiri huɗu da rabi, minti 18 ke nan a ƙasa ɗaya da agogo ɗaya. Ko a gari guda ma lokacin zawali ba ya tsayawa a sha biyu daidai. Saboda karkacewar duniya da digiri 23.4 da kuma sauyawar gudunta a hanyarta, rana kan kai tsaka a Accra da misalin 11:44 a farkon Nuwamba, a tsakiyar Fabrairu kuwa sai 12:15, tazarar rabin sa'a da ba kowa ke lura da ita ba.

Saboda haka, ya Edita, ina da roƙo uku. Idan za ku buga jadawalin azumi, ku ware wa kowane babban gari nasa layin, Accra daban, Kumasi daban, Tamale da Wa da Takoradi daban, ku kuma rubuta sunan garin a sarari a saman shafin, domin jadawali kan yi yawo a waya har ya isa garin da ba nasa ba. Ina kuma roƙon gidajen rediyon da ke sanya kiran magariba su riƙa faɗin garin da kiran ya shafa kafin su sanya shi. Na uku yana kan 'yan'uwana malaman kimiyya a makarantun zango da na Islamiyya. Duk lokacin da muka koya wa yara cewa hasken rana yana tafiyar minti takwas, mu ƙara musu da cewa duniya ce ke juyawa, mu ba su lissafin kilomita 15,000 a kan miliyan 149.6 su yi da hannunsu a allo, sannan mu fita da su fili wata yamma da gari ya yi garau, da agogo da jadawali, bayan mun gargaɗe su kada su ƙura wa rana ido, su auna da kansu lokacin da hasken ƙarshe ya bar kan bangon makaranta ko saman bishiya su gwada da abin da aka rubuta.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Malamin kimiyya, Nima, Accra.